Tsarabar Sawo Tome

Ƙarfe bakwai da rabi na safiyar Litinin Hajiya Ramatu ta shigo komisariya, ofishin 'yan sanda, ko sallama babu, wani dattijo siriri yana biye da ita yana tari ƙasa-ƙasa.

"Ina Kwamiser? An kwashe mini injuna huɗu. Ga ɓarawon nan na kawo muku shi da ƙafarsa."

Kwamiser bai iso ba tukuna. Insifekta Nasiba ce ke zaune a biro, ofishin karɓar ƙara. Kwana biyu ta yi tana raba faɗan direbobin kamiyo, manyan motocin kaya, idanunta kamar an watsa musu rairayi. Shekara huɗu ke nan da aka turo ta Gaya daga Yamai, amma har yau in mutum ya shigo ya tarar da ita a kujera, sai ya leƙa bayanta yana neman namijin da zai yi wa bayani.

"Zauna, Hajiya. Ni za ki gaya wa."

Hajiya ta dube ta sama da ƙasa, sannan ta zauna.

Babu wanda bai san Hajiya Ramatu ba a Gaya. Tun da aka rufe gadar da ke zuwa Malanbil, mutane da kaya suka koma ƙetare kogi a jirgi, ita kuwa jirage tara gare ta. Injin jirgi ya zama abin da ake kulle shi kamar zinariya. Sababbi huɗu ta ajiye a mangazarta, ɗakin ajiyarta na bakin kogi, ko ruwa ba su taɓa ba. Ranar Asabar da la'asar ta gan su da idonta. Ranar Lahadi da safe babu su.

"An fasa ƙofa?"

"Ba a fasa komai ba. An buɗe, an ɗauka, an mayar da kwaɗo an rufe."

"Makulli nawa ne?"

"Uku. Ɗaya nawa. Ɗaya na ɗana Yazidu, shi ma yana hannuna tun da ya yi tafiya. Na ukun yana wuyan wannan." Ta nuna dattijon da leɓe. "Siddo. Shekara ashirin da biyu yana yi mini gadi, ashe kura na ba ajiyar nama."

Nasiba ta juya ga dattijon. "Baba, ina kake daren Asabar?"

"Bakin mangaza, Madam. Ban motsa ba."

Bai dube ta ba da ya faɗa. Ta rubuta yadda ya ce, ta ja layi a ƙarƙashi.

Ta ɗauki ɗan sanda Ajan Gambo, suka hau moto, wato babur, zuwa bakin kogi da Siddo a tsakiyarsu, Hajiya ta bi su a baya. Ƙarshen damina ne, kogi ya cika har yana lasar gindin mangazar. A ciki akwai tsofaffin injuna jere, da warin mai, da gurbi huɗu a ƙasa inda ƙura ba ta kwanta ba. A kusurwa akwai akwatin ƙarfe.

"Me ke ciki?"

"Takardun duwan na injunan, na kwastan," in ji Hajiya. "Ba abin da ɓarawo zai yi da su."

Nasiba ta buɗe. Ta zauna a kan wata jarka ta bi takardun ɗaya bayan ɗaya, tana gwada lambar kowace da ta jikin inji. Gumi yana ɗiga daga haɓarta. Kowane inji da ke ɗakin yana da takardarsa. Na sababbin huɗu ne kawai babu.

Ta miƙa wa Siddo tarin. "Baba, fitar mini da ta wancan jan injin."

Ya karɓa da hannu biyu, ya jujjuya. "Madam, duk iri ɗaya ne a idona. Ban yi lakwal ba, ban iya karatu ba."

Da suka koma, Kwamiser Dodo ya saurare ta yana murza goshi. Mutum ne da aiki ya cinye, saura shekara guda ya huta.

"Wanda bai iya karatu ba yana iya samun abokin da ya iya. Makulli a wuyansa yake, kuma ke da kanki kin ce ƙarya yake yi. Kwana biyu doka ta ba mu. Laraba da safe a miƙa shi ga mai shigar da ƙara, mu huta."

"Shef, in ya shiga gidan kaso da wannan tarin, ba zai ga ranar shari'a ba."

"To kawo mini wani kafin Laraba. Ni ban hana ki ba."

Ta je ɗakin tsare mutane ta durƙusa a bakin ƙarfen ƙofar. Siddo yana zaune a kan siminti, ya haɗa gwiwa da ƙirji.

"Baba, ƙaryar da kake yi ita za ta kai ka kaso, ba satar ba. Ina ka je?"

Ya daɗe yana kallon yatsun ƙafarsa.

"Ina da 'yar gonar shinkafa a ƙasan fadama. Dorina na fitowa tana ci. Duk Asabar ni ke da kwanan kora, da ni da maƙwabtan gona muke karɓa-karɓa. In na yi isha'i sai in tafi, in dawo kafin asuba."

"Hajiya ta sani?"

"Da ta sani da tuni ta kore ni."

"Wa ya sani?"

"Maƙwabtan gona." Ya yi tari. "Sai Yazidu. Ya taɓa zuwa bai same ni ba. Ya ce kar in damu, bakinsa alaikum. Yaron kirki ne, a kafaɗata ya girma. Amma shi ai a lokacin yana can ƙasar teku."

Labarin ƙasar teku kuwa Nasiba ta sha jin sa. Kwana goma Gaya ba ta da wata hira sai tafiyar Yazidu. Wai ya je yawon buɗe ido wata ƙasa da ruwa ya kewaye ta ko'ina, sunanta Sawo Tome. Kullum sai sabon hoto ya faɗo a wayoyin mutane: ga shi da baƙin tabarau a gindin kwakwa, ga shi a gaban ruwa shuɗi kamar an zuba bula. A garin da mutum ba ya tafiya sai don fatauci, ko jinya, ko aikin hajji, tafiya don kallo kawai abin a faɗa ne. Jiya Lahadi da yamma ya sauko daga jirgin Malanbil da jaka biyu.

Bayan azahar ta je gidan Hajiya. Zaure cike yake da 'yan barka da sauka. Yazidu yana tsakiya cikin riga mai furanni, ɗan shekara talatin da 'yan kai, yana ba da labari da hannu biyu.

"Wallahi ruwan in ka tsaya a ciki kana ganin farcen ƙafarka. Kifi kuwa har gaishe ka yake yi."

"Kai, Yazidu!" in ji wani direba. "To Turawan nan da gaske ne tsirara suke kwanciya a rana?"

"Kai dai ka yi istigifari kawai. Ni kaina a ƙasa na riƙa tafiya."

"Ƙarya kake! Ai da tabarau ka je!"

Zauren ya kaure da dariya. Nasiba ta tsaya daga bakin ƙofa tana sauraro, ta ji haushin kanta da ta kama zuciyarta tana sha'awar abin. Ba ta taɓa ganin teku ba sai a littafi. Sau uku tana neman hutu ana ce mata aiki ya yi yawa.

Da ya hango ta ya miƙe. "A'a, Madam Insifekta! Shigo mana. Kin ji abin da Baba Siddo ya yi mana? Wallahi ban yi barci ba."

Suka koma gefe.

"Yaushe ka tafi?"

"Alhamis ta sama. Na ƙetare Malanbil, mota har Kwatano, daga can jirgin sama."

"Ina fasfo ɗinka?"

"Yana Kwatano, wajen mutumin da ya shirya mini tafiyar. Zai nema mini wata bizar."

"Tikiti fa?"

"Wa ke ajiye tikiti, Madam? Ga hotuna nan, gani ya kori ji."

Ta karɓi wayar tana turawa da yatsa. Hoto ashirin da wani abu, shi kaɗai a kowane. Babu ɗaya da ƙafarsa ta jiƙe.

"Wane yare suke yi a can?"

"Faransanci, kamar mu. Ban sha wahala ba ko kaɗan."

Ta ɗaga ido. Ta tuna malamin tarihi da labarin ƙasa na ajinsu a lise, makarantar sakandare, da taswirar da ɓera ya ci gefenta. Mutanen Fotugal ne suka mallaki wannan tsibirin, yarensu ake yi. Ta dubi hannuwansa. Daga wuyan hannu har gwiwa duk tabon cizo ne, ya sosa har ya yi ɓawo.

"Sauro ne da su haka?"

Ya ja hannun rigar. "Ƙasar ruwa ce ai."

A lokacin Hajiya ta leƙo daga cikin gida, zani ɗage zuwa gwiwa, ƙafafunta suna sheƙi. Ta ce tun da Yazidu zai tafi ta yi masa kashedi kar ya dawo mata ba ruwan teku, don an ce shi ne maganin sanyin ƙashi. Da tsofaffin unguwa suka ji, kowace ta aiko da nata saƙon. Gora goma sha biyu ya kawo, an raba saura biyu.

"Tun jiya nake shafawa, har na fara jin dama. Ɗan albarka. Ba irin waɗanda ake riƙo suna cin amana ba."

Yazidu ya ɗauko gora ɗaya ya miƙa wa Nasiba. "Ga taki tsarabar, Madam. Ko Inna a gida ta shafa."

A ƙa'idarta ba ta karɓar ko goro a wurin aiki. Wannan ta karɓa.

Kwamiser ya yi dariyar gajiya da ta gaya masa zancen yare. "A otel kowane yare ana yi. Ɗan Hajiya Ramatu za ki kama saboda darasin lise? Rabin garin nan a jiragenta suke cin abinci. Ki kawo abin da za a riƙe da hannu."

Ta ajiye gorar a kan teburinta. Aka ɗauke wuta, fanka ta tsaya. Ta kira wani abokin aiki a Yamai ko za a duba sunan Yazidu a jerin matafiya, ya ce tun da ta wata ƙasa ya tashi sai an rubuta takarda, amsa kuma sai ta yi sati uku. Ta kife wayar ta dafe kai.

Talata da hantsi wata mata ta zo da kwano ɗaure a tsumma. Gajera ce, baƙa, tafin hannunta duk ya tsattsage. Gambo ya ce matar Siddo ce, daga Tunuga ta taso tun asuba.

"Fofo, Madam," in ji matar. Hausarta ta kasuwa ce, tana fita guntu-guntu. "Sunana Mariyama. Na kawo masa tuwo. Mijina bai yi sata ba. Ko kifin wani ya shiga gurarsa, mayarwa yake yi."

"Zauna, Inna. Na ji ki. Amma faɗa ba ta isa ba."

Matar ta zauna a bakin kujera, tana duban ko'ina ban da fuskar Nasiba. Idonta ya tsaya a kan gorar. Ruwan ya kwana, wani jan gari ya kwanta a gindinta.

"Madam ma tana jiƙa wa dabbobi?"

"Jiƙa me?"

"Gishiri."

"Ruwan teku ne. Daga wata ƙasa mai nisa aka kawo shi."

Mariyama ta miƙa hannu. "In gani?"

Ta buɗe, ta shinshina, ta ɗiga a tafin hannu ta lasa. Ta ɗan motsa baki, sannan ta dubi Nasiba ido cikin ido, karo na farko.

"Teku ban san shi ba. Amma wannan gishirin Foga ne, na fadamarmu. Ruwan kuma na kogi."

"Kin tabbata?"

"Shekara talatin ina dafa shi. Ƙasa muke kankarowa a fadama, mu tace, mu dafa da itacen giginya. Shinshina ki ji hayaƙi. Lasa ki ji ɗacin kanwa a baya. Wannan jan da ya kwanta, ƙasarmu ce. Ko a makance aka ba ni na san shi."

Nasiba ta lasa. Gishiri, sannan ɗaci, sannan wani ƙauri-ƙauri. Ta ji barcin da ke idonta ya washe.

"Inna, gora goma sha biyu irin wannan, gishiri nawa za su ci?"

"Curi guda ya yi yawa ma." Matar ta rufe gorar. "Ranar kasuwar da ta wuce Cha'ibu ya sayi curi guda a hannuna. Na yi mamaki. Ba shi da saniya, ba shi da mata. Ɗan ƙulli yake saye ya yi wata da shi. Na ce, Cha'ibu, aure za ka yi? Ya ce baƙo gare shi."

"Wane ne Cha'ibu?"

"Masunci. Shi kaɗai yake zaune a gungu, tsakiyar ruwa, ƙasan Tunuga."

Nasiba ta kira jandarmomin yankin, aka ba ta mutum biyu da jirgi. Tafiyar moto zuwa Tunuga, ita da Gambo, ta girgiza mata duk wata gaɓa, hanya duk ramuka da taɓo. Rana ta take tsaka lokacin da jirgin ya soki hancinsa cikin ciyawar gungun.

Ɗan tsibiri ne da bai wuce filin ƙwallo ba: bukka biyu, rumbu ɗaya, raga shanye a kan sanduna. Sauro ko da rana bai ɗaga musu ƙafa ba. Cha'ibu ya fito yana goge hannu a wando, ƙato ne mai jajayen idanu.

"Baƙonka fa?" in ji Nasiba.

"Wane baƙo? Ni da Allah ne kawai a nan."

"Bukka biyu mutum ɗaya?"

"Ta raga ce ɗayar."

Ta sunkuya ta shiga. Babu raga a ciki. Akwai sabuwar katifa, da gidan sauro mai rami, da ɗan farantin sola na cajin waya. A bayan ƙofa ga rabin curin gishiri a cikin ganyen kaba, ga mazurari da aka yanka daga bakin gora.

Ta fito da shi a hannu. "Kifi kake yi wa ɗura?"

Cha'ibu ya saci kallon rumbun.

Gambo ya hau rumbun ya ɗaga murfin. Ya ture ƙaiƙayin shinkafa da hannu, ya yi fito.

"Shef, huɗu cif. Har da ledarsu."

Cha'ibu ya zauna a ƙasa. "Ni fa jirgi kawai na tuƙa. Shi ya buɗe, shi ya san takardu. Ya ce kayan gidansu ne, gadonsa ne yake ɗauka tun da wuri."

"Kwana nawa ya yi a nan?"

"Goma. Wallahi Madam na gaji da shi. Ba ya cin tuwo, ba ya shan ruwan kogi, dare da rana yana mitar sauro."

"Hotunan fa?"

"Ni na ɗauke shi, nan bayan rumbu. Tekun daga baya yake sa ta da waya."

Ɗaya daga cikin jandarmomin ya juya baya, kafaɗunsa suna rawa. Nasiba ba ta yi dariya ba. Tana tunanin tsohon da ya kwana a kan siminti.

Bayan la'asar ta aika a kira Yazidu da mahaifiyarsa, wai su zo su sa hannu a takarda. Suka shigo tare, shi da tabarau a goshi. Kwamiser ya jawo kujera ya zauna a gefe. A kan teburin babu komai sai gorar.

"Yazidu, a ina ka ɗebi ruwan nan?"

"A bakin teku mana, ranar da zan taso. Har igiyar ruwa ta kusa tafiya da takalmina."

"Da hannunka?"

"Da hannuna."

Ta jawo aljihun tebur ta fito da rabin curin gishirin da mazurarin, ta ajiye kusa da gorar. Ta yi wa Gambo alama, ya buɗe ƙofar baya. A tsakar komisariyar ga injuna huɗu jingine da bango, ga Cha'ibu tsugune kusa da su.

Hajiya ta miƙe tsaye. "Injunana! A ina aka same su? Wane ne wancan?"

"Mai masaukin ɗanki ne, Hajiya. Kwana goman nan a gungunsa ya yi su, ƙasan Tunuga. Ruwan da kike shafawa na kogin nan ne da gishirin Foga."

Hajiya ta juya a hankali. "Yazidu?"

Ya cire tabarau daga goshi ya riƙe shi da hannu biyu.

"Takardun suna ina?" in ji Nasiba.

"A jakata. Cikin rufin."

"Makulli?"

"Na sa an yanka mini wani a Malanbil tun watan jiya."

"Don me?" Hajiya ce ta tambaya, ba da tsawa ba. "Me na hana ka?"

"Me kika ba ni, Inna?" Ya ɗago, idonsa ya kawo ruwa. "Shekarata talatin da uku. Direbobin jirginki suna kirana ɗan aiken Hajiya. Sau nawa na ce ki ba ni jirgi biyu in gwada kaina? Kika ce hannuna ba ya riƙe abu. Na ce to bari in kafa nawa a Kamba, da sunan Cha'ibu, in ya tsaya da ƙafarsa in zo in nuna miki."

"Sai ka bar Siddo ya ɗauka," in ji Nasiba.

"Ban zaci za ta kawo shi nan ba. Na ɗauka faɗa za ta yi masa ta bari."

"Jiya ka san yana nan. Kana zaure kana ba da labarin kifi."

Ya sunkuyar da kai.

Kwamiser ya yi gyaran murya. "Ni abu ɗaya nake son sani. Me ya kai ka ga ruwan? Da ka dawo hannu sake, wa zai kama ka?"

"Shef, yaya zan shigo gari ba tsaraba? Tsofaffi tara suka aiko. Da ban kawo ba, da har in mutu ana faɗi."

"To me ya sa na Foga?" in ji Nasiba. "Ga farin gishiri na buhu a kowane tebur."

"Na buhu ai kowa ya san ɗanɗanonsa, na miya ne. Na ga kamar ruwan teku sai ya fi haka ƙarfi, ya yi ɗaci kamar magani."

Nasiba ta jingina da kujera. "Na buhun nan daga teku ake samo shi. Da shi ka zuba, da babu mai gane ka a garin nan."

Can Hajiya ta gyara mayafi, ta juya wajen Kwamiser, ta bar Nasiba a gefe.

"Ranka ya daɗe, kaya sun dawo. Magana ta gida ce. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Na janye ƙarata."

Kwamiser ya dubi silin. Nasiba ta san wannan kallon, ta sha ganin fayil ya mutu a cikinsa. Ta miƙe, gwiwoyinta suna ciwo, ta ɗora hannu a kan takardun.

"Hajiya, ni ke riƙe da binciken nan, ni za ki kalla. Sata da makullin jabu, da haɗin baki, ba a janye ta a teburin nan. Jandarmomi sun rubuta nasu rahoton, na tura nawa tun daga Tunuga. In kina da roƙo, ki kai shi gaban alƙali gobe. An tsare mutum kwana biyu a kan abin da bai yi ba, wani zai amsa wannan."

"Ke 'yar wa ce a garin nan?"

"Ba 'yar kowa ba. Insifekta ce."

Kwamiser ya sauke ido daga silin, ya ja numfashi. "Kin ji ta, Hajiya. Gambo, fito da tsohon."

Siddo ya fito yana dafa bango, Mariyama ta tare shi da kafaɗa. Ya dubi injunan, ya dubi Yazidu. Hajiya ta matso tana cewa sharrin shaiɗan ne, ya koma bakin aikinsa gobe, za ta ƙara masa wani abu. Ya bar ta ta gama, sannan ya juya ga Nasiba.

"Madam, abu ɗaya nake roƙo. Ki rubuta cewa ban yi sata ba, ki buga hatimi. Labari ya riga ni zuwa Tunuga. In sa a karanta a ƙofar masallaci ranar Juma'a."

Babu wuta, babu na'ura. Ta yage farar takarda ta rubuta da hannu, da Faransanci a sama da Hausa a ƙasa, ta sa hannu, ta huro wa hatimin iska ta danna da ƙarfi. Ya karɓa ya ninke sau huɗu ya sa a aljihun ƙirji.

Gambo ya karɓi wayar Yazidu da bel ɗinsa da tabarau, ya kama shi a damtse. Hanyar ɗakin tsarewa ƙunci gare ta, dole suka gifta ta gaban tsohon. Yazidu ya kau da fuska.

Siddo ya taɓa hannun rigarsa mai furanni.

"Ka kwanta ta wajen ƙofa," ya ce. "Can ne iska ke shigowa."

Gambo ya tura ƙofar ƙarfen, ya murɗa makulli.